AMSAR WASIƘUNKU: Tsohon Da Ke Mantuwa, Zantawa Za Ta Yi Masa Magani?

  Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da tsawo, kuma na tabbata ba gidan mai wasiƙar kaɗai ta shafa ba.

Wasiƙar ta fito ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Mai ita ya roƙe mu da mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce mahaifinsu ya haura shekara 70, manomi ne, kuma duk ranar kasuwa yakan yi awon hatsi. Kimanin shekara uku ke nan da suka fara lura yana mantuwa. Sai ya ajiye kuɗi ya rasa inda ya sa, ko ya auna wa mutum kwano goma ya karɓi kuɗin bakwai. Bara kuma Allah Ya yi wa mahaifiyarsu rasuwa. Bayan an yi sadakar arba'in sai 'ya'yan suka zauna, suka karɓi makullin sito daga hannunsa, suka ce ya huta haka nan, su za su riƙa yin komai.

To, tun daga ranar, in ji mai wasiƙa, tsoho bai sake zama daidai ba. Ya daina fita majalisa, ya daina tambayar gona, tuwo sai an yi da gaske yake cin loma biyu. Yakan farka tun tsakar dare ya zauna shiru har asuba, kuma ya sha faɗin cewa shi ya zama kaya a gidan. Babban wansu ya ce gigin tsufa ne, a ƙyale shi. Ƙanwarsu ta ce jifa aka yi masa, a nemo mai magani. Shi kuwa da ya kai shi ƙaramin asibiti, ma'aikacin lafiya ya gaya masa cewa akwai alamun ciwon damuwa, kuma wai zantawa da tsohon tana cikin maganinsa. Ga tambayar tasa: ta yaya magana za ta yi wa mutum magani, alhali abin da aka faɗa masa da hantsi, kafin la'asar ya manta?

Malam mai wasiƙa, Allah Ya jiƙan mahaifiyarku, Ya ba Baba lafiya. Tambayarka tambayar mai hankali ce, kuma ita ce ainihin tambayar da wasu likitoci suka yi wa kansu shekaru da suka wuce, har suka fito da wata dabara da zan bayyana maka. Amma bari in fara da gaya maka cewa ni ba likita ba ne. Malamin firamare ne ni kafin in shigo gidan rediyo. Abin da zan faɗa na samo shi ne daga binciken masana, kuma ba zai ɗauke maka komawa wurin wancan ma'aikacin lafiya ba, wanda a ganina ya ɗora ka kan hanya.

Da farko dai, abu biyu ne muke haɗawa mu kira su tsufa, alhali kowanne da sunansa. Akwai ciwon mantuwa, wanda yake shigowa a hankali cikin shekaru, ya riƙa cin ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan. Akwai kuma ciwon damuwa, wanda yakan sauko cikin makonni ko 'yan watanni, sau da yawa bayan wani rashi ko wani canji a rayuwa. Mai ciwon damuwa, kusan kullum, har tsawon mako biyu ko fiye, zuciyarsa a ɓace take, ko kuma abin da yake so a da ya fita daga ransa. Barci ya lalace, abinci ba daɗi, jiki ba ƙarfi, yana ganin kansa ba shi da amfani. Tsofaffinmu kuwa ba kasafai suke cewa "raina a ɓace yake" ba. Sai dai ka ji suna kukan ciwon kai, ko nauyin ƙirji, ko wani abu na yi musu yawo a jiki. Labarin zuciya, an ce a tambayi fuska.

Waɗannan cututtuka biyu sukan taru wa mutum ɗaya, kuma kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Mantuwa ta sa tsoho ya yi kuskure a gaban mutane, ya ji kunya, ya janye jikinsa, damuwa ta shiga. Ita kuma damuwa ta hana shi mai da hankali, mantuwar ta ƙaru. Ciwon mantuwa in ya kama da gaske, har yau ba a samo maganin da ke warkar da shi ba. Ciwon damuwa kuwa yana jin magani. Ka ga ke nan ko da ba za a iya sauke wa Baba kaya biyun ba, ana iya sauke masa ɗaya, kuma wanda ake iya saukewar shi ne yake hana shi cin abinci.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. A shekarar 2007, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon binciken da suka yi kan tsofaffi 2,152 a ƙasar Yarbawa, masu shekara 65 zuwa sama. Sun samu cewa kimanin 7 cikin kowane 100 sun yi fama da ciwon damuwa mai tsanani a cikin shekara guda kafin binciken, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya taɓa yinsa a rayuwarsa. Wannan a ƙasarmu ne, a cikin gidaje masu 'ya'ya da jikoki irin namu.

To, me ya sa ba za a ba tsoho ƙwaya kurum a huta ba? Ƙwayoyin maganin damuwa suna taimakon mutane da yawa, babu ja. Sai dai an lura ƙarfinsu yakan ragu ga tsohon da ƙwaƙwalwarsa ta riga ta taɓu. A ƙasar Ingila, a shekarar 2011, an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi da mutum 326 masu ciwon mantuwa da damuwa a haɗe. Aka ba wasu maganin damuwa iri ɗaya, wasu wani irin, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda yake sha ba. Bayan mako 13 aka duba, sai aka ga masu shan maganin ba su fi masu shan ƙwayar wofi samun sauƙi ba, illolin magani kuma sun fi yawa a wurinsu. Wannan ba yana nufin wanda likita ya ɗora kan magani ya watsar ba ne, a'a, akwai wanda ciwonsa ya yi tsananin da sai da ƙwaya. Abin da yake nufi shi ne ƙwaya kaɗai ba ta isa a dogara da ita ba, dole a nemi abin haɗawa.

Nan ne maganar zantawa ta shigo. Amma ka lura, Malam, zantawar da likitoci ke nufi ba hirar dare ba ce, ba kuma nasiha ba ce irin ta "yi haƙuri Baba, kowa ma zai mutu". Zama ne mai tsari, sau ɗaya a mako, a kan matsala ɗaya. Ana bin matakai kamar haka: a tantance matsalar ƙarara, a faɗi abin da ake so a cimma, a kawo hanyoyi da yawa, a auna amfanin kowace da wahalarta, a zaɓi ɗaya, a tsara yadda za a yi ta da ranar yi, mako mai zuwa a dawo a duba ko ta yi. A shekarar 2010 wasu masana a Amurka, Patricia Areán da George Alexopoulos da abokan aikinsu, sun gwada wannan hanya da tsofaffi 221 masu ciwon damuwa, waɗanda tsara al'amura da yanke shawara ya soma yi musu wuya. Bayan mako 12, kimanin 46 cikin 100 na waɗanda aka bi da su ta waɗannan matakai sun fita daga ciwon. Waɗanda aka zauna da su aka saurare su cikin tausayi kawai, kimanin 28 cikin 100 ne suka fita. Ka ga sauraro ma magani ne, amma sauraro da tsari ya fi shi.

Sai dai waɗancan tsofaffi mantuwarsu ba ta yi nisa ba. Ina labarin irin su Baba, da za a tsara abu da su yau, gobe su manta? Wannan ita ce tambayarka, ita ce kuma ta sa Dakta Dimitris Kiosses na kwalejin koyon aikin likita ta Weill Cornell, a jihar Niyok ta Amurka, ya gyara hanyar, ya fito da wadda suke taƙaita sunanta da PATH. Ma'anarta a Hausance ita ce daidaita rayuwar mutum da matsalar da yake ciki. Abu uku ya ƙara.

Na ɗaya, ba a ofis ake zaman ba. Mai ba da maganin shi yake tattaki zuwa gidan tsohon, ya ga ɗakinsa, ya ga inda yake zama, ya ga abin da ke ɓata masa rai da idonsa. Na biyu, ba a barin maganar a cikin kan tsoho. Duk abin da aka shirya sai a mai da shi abin da ido zai gani ko kunne zai ji: kalanda a bango, alama a jikin ƙofa, jerin abubuwan yi, agogo mai ƙararrawa, aiki babba a gutsuttsura shi ƙanana. Na uku, in tsohon ya yarda, ana shigo da mutum ɗaya na gida cikin zaman, ya zama shi ne mai riƙe abin da aka tsara a sauran kwana shida na mako. A zaman farko-farko kuwa abin da ake yi shi ne a lissafa lokutan da ran tsohon yake ɓaci da lokutan da yake sakewa, sa'an nan a yi dabarar rage na farkon, a yawaita na biyun.

Ka ji amsar tambayarka ke nan. Ba a dogara da tunawar tsoho ba, gidan ne ake sa ya riƙa tuna masa. Ni da na koyar da 'yan aji ɗaya na san wannan. Yaro ɗan shekara shida, in ka faɗa masa abu sau ɗaya ka wuce, ka yi aikin banza. Amma ka zana shi a allo, ka rataya a bango, ku maimaita kullum da safe, sai ka ga ya zauna. Ba ina kwatanta iyayenmu da yara ba ne, Allah Ya kiyaye. Ina cewa ne abin da aka rataya a bango ya fi abin da aka faɗa da baki daɗewa. Akwai kuma wani abu da masu jinyar tsofaffi suka sani: mai mantuwa yakan manta maganar da aka yi, amma daɗin zaman ko ɗacinsa yakan jima a ransa bayan maganar ta ɓace. Wanda aka yi wa tsawa da safe, da rana ba zai tuna dalili ba, amma ransa na nan a ɓace.

An gwada wannan hanya, aka fitar da sakamako a shekarar 2015. Tsofaffi 74 ne, masu shekara 65 zuwa sama, duk suna da ciwon damuwa mai tsanani tare da raunin ƙwaƙwalwa, wasunsu har ya kai ga ciwon mantuwa. Aka raba su gida biyu, 37 kowanne, ana zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har mako 12. A cikin waɗanda aka yi wa sabuwar hanyar, 14 sun fita daga ciwon damuwa. A cikin waɗanda aka saurara kawai, 5 ne suka fita. An kuma ga na farkon sun fi iya yi wa kansu hidimomin yau da kullum.

Amma ba zan karanta maka rabin labari in ɓoye rabi ba. A shekarar 2024 likitocin Ingila sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa irin wannan hanya da mutum 336, dukansu masu ciwon mantuwar da ake kira Alzheimer, zaman kuma bai wuce takwas ba. Bayan wata uku an ga ɗan sauƙi kaɗan, amma da aka kai wata shida bambancin ya ɓace. Darasin da ni na ɗauka a nan biyu ne. Wannan ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ne, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Sa'an nan sauƙin da aka samu yana iya zubewa in aka daina, kamar gonar da aka yi wa noman farko aka hana ta maimai.

Na san abin da ke ranka yanzu: ina mu ina likitan da zai riƙa zuwa ƙauyenmu duk mako? To, saurari abin da aka yi a Zimbabuwe. A shekarar 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata a birnin Harare, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, suna bin masu damuwa ta waɗannan matakai na warware matsala. A yarensu na Shona ma ciwon suna kiransa yawan tunani. A shekarar 2016 aka fitar da sakamakon gwaji da mutum 573. Bayan wata shida, kimanin 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon, alhali a ɗaya ɓangaren rabi ne cur. Waɗannan marasa lafiya yawancinsu ba tsofaffi masu mantuwa ba ne, kuma kakannin an horar da su ana kuma duba aikinsu. Amma dai abin ya nuna cewa matakan nan ba sai mai digiri ne zai iya koyonsu ba.

Saboda haka ga shawarata, wadda na ɗebo daga waccan hanya na auna ta da gidajenmu na karkara. Ku yi ta tare da sanin ma'aikacin lafiyar da ya duba Baba.

Ku fara da jiki. A auna masa jini, domin hawan jini yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yana cikin abubuwan da ke jawo mantuwa da damuwa gaba ɗaya. A duba suga da ƙarancin jini. A duba kunne da ido, domin tsoho da yawa da ake cewa ya ruɗe, ji ne kawai ba ya yi, ko yana ta rufe masa ido. Ku tattara duk magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, ku nuna.

Sa'an nan a zaɓi mutum ɗaya wanda Baba yake sakewa da shi, ko kai ne, ko wani jika mai hankali. A tsai da rana ɗaya da lokaci ɗaya, a ce kowace Laraba bayan la'asar, a wuri ɗaya, ba rediyo ba hayaniyar yara. Rabin sa'a ya isa. Ka zauna inda zai ga fuskarka, ka yi gajerun jimloli, tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, ka jira amsa ko da ta jima. Kada ka ce masa "ka tuna?", domin wannan jarrabawa ce, kuma ya san faɗuwa zai yi. Ka tambaye shi abin da ya fi damunsa a makon nan, ka yi shiru ka ji.

In ya faɗi abu biyar, ku ɗauki ɗaya, mafi sauƙi. Bari in yi misali da abin da ke cikin wasiƙarka. Ka ce ciwon ya tsananta ne daga ranar da aka karɓi makullin sito. Ni ban ga laifinku ba, dukiya kuka tsare. Amma ku dubi abin ta wajensa. A shekara ɗaya ya rasa matarsa, ya rasa sana'arsa, ya rasa dalilin da zai sa ya fita ƙofar gida. Mutumin da shekara hamsin ana tambayarsa farashin gero, yau ba mai tambayarsa ko ƙarfe nawa. Matsalar a nan ba "Baba ya tsufa" ba ce, wannan ba ta da magani. Matsalar ita ce "Baba ba shi da aikin da ake jiransa da shi", wannan kuwa tana da hanyoyi. Ranar kasuwa ya zauna a rumfa yana duba kyan hatsi, jika yana karɓar kuɗi. Ko a ba shi zaɓen irin da za a shuka baɗi, wanda na tabbata duk gidan ba wanda ya kai shi sani. Ko in za a buɗe sito a kira shi, shi zai sa makulli ya buɗe, ana fitar da buhu yana jefa tsakuwa a ƙwarya. Ku jera masa hanyoyin, shi zai zaɓa, ba ku ba. Kuma aikin ya zama na gaske, domin tsoho yana gane aikin da aka ƙirƙiro don a lallashe shi.

Abin da kuka shirya, ku mai da shi abin gani. In ba ya karatun boko, a rubuta da ajami, ko a yi zane. A ɗaura aikin da lokacin da ya riga ya sani, kamar bayan sallar azahar ko lokacin da awaki ke dawowa. A kafa ƙusa ɗaya ta hula, ɗaya ta carbi, sanda kullum a lungu ɗaya, kada mai shara ya canza musu wuri. In yana shan magani, a sami ƙananan gwangwanaye bakwai, kowace rana da nata, wani babba yana lura. Kuɗin kashewa kaɗan a aljihu guda, don kada ya riƙa roƙon 'ya'yansa kuɗin goro.

Ku kuma lura da lokutan da ransa ya fi ɓaci. In da magariba ne, lokacin da marigayiya takan kawo masa tuwo, to kada a bar shi ya ci shi kaɗai a wannan lokaci. In taron biki ne yake ruɗa shi, a kai shi da wuri ya gaisa ya dawo, mai rakiya yana raɗa masa sunan duk wanda ya tunkaro. In tunani ya taso masa, jayayya ba ta kashe shi, sai dai a karkatar da hankalinsa, a jawo labarin fataucin da ya yi yana saurayi, domin tsohon labari shi ne yake daɗewa bai goge ba. Abokansa na majalisa kuma a roƙe su, biyu-biyu, su riƙa leƙowa a rana sananniya. Mako na zagayowa ku zauna ku duba. Abin da ya yi a ci gaba, wanda bai yi ba a canza, ba zargi. Ku ba abin wata uku kafin ku yanke hukunci, in kun ga sauƙi kuma kada ku saki.

Mu ma a gidanmu mun taɓa yin irin kuskurenku. Kakata daddawa take sayarwa. Da na fara ɗaukar albashi sai na hana ta, wai kada a ce jikanta malamin makaranta ne amma tana zama bakin hanya. Ba a yi wata biyu ba ta daina fitowa tsakar gida. Wata ƙanwar mahaifina ce ta gane, ta sayo kalwa ta dire mata, ta ce masu saye sun dame mu. Ranar na ga tsohuwa ta tashi tana faɗan an bar mata tukunya da datti. Kunyar kaina na tsare, na kusa kashe ta da hutu.

Yanzu ga gargaɗi, a saurara da kyau. Maganar nan da Baba yake yi cewa ya zama kaya, kada a ɗauke ta wasa. Ka tambaye shi a natse, kai da shi, ko yana jin gara ya mutu, ko ya taɓa tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sai ma ta ba shi ƙofar faɗa. In ya amsa da i, ko ya ƙi ci da sha gaba ɗaya, to ranar za a tafi asibiti, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Tun yau ma, maganin feshi da maganin ɓera da na ƙwarin hatsi a kulle su inda hannunsa ba zai kai ba. Haka nan in tsoho ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, yana sambatu, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, wannan ba na zantawa ba ne, na gaggawa ne, domin zazzaɓi ko ciwon fitsari ko shanyewar ɓarin jiki na iya kawo shi. Kada kuma a saya masa ƙwayar barci a kemis, tana ƙara ruɗewa, tana kayar da tsoho ya karye.

In ƙaramin asibiti ya ga abin ya fi ƙarfinsa, a nemi takardar turawa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sashen masu wannan aiki a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. In kun je ku tambaya ko akwai mai yin magani ta hanyar zantawa, ku kuma roƙa a koya wa mai kula da shi.

Ga babban wanku, a gaya masa cikin ladabi cewa gaskiyarsa, akwai tsufa a ciki, amma ba tsufa ne yake hana mutum cin tuwo ba. Ga ƙanwarku, addu'a ba wanda ya hana, sai dai kada a ɗaure tsoho, kada a yi masa turaren da zai shaƙe shi, kada kuma a sayar da akuya a kai wa wanda zai ce wata maƙwabciya ce ta yi. Sa'an nan akwai wadda ba ka ambata ba a wasiƙarka, amma na san tana nan, wato matar da ke dafa masa, tana wanke masa, tana shan tambaya ɗaya sau ashirin a yini. Ko matarka ce ko ta wanka, a riƙa karɓarta tana hutawa, a riƙa gode mata a gaban mutane. Masu jinyar irin waɗannan tsofaffi su ma ciwon damuwa yana kama su, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malam mai wasiƙa, ba zan yi maka alkawarin Baba zai koma lissafin kwano ɗari da ka ba. Abin da ake fata shi ne ya ci abinci, ya yi barci, ya fito zaure, ya san cewa gobe akwai abin da ake jiransa ya yi. Ka fara da Larabar nan mai zuwa. Bayan wata uku ka sake rubuto mana, ko ya yi ko bai yi ba, domin sauran masu saurare su ƙaru.

Jama'a, nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wanda yake da tsoho a gida, in an kashe rediyo ya leƙa ɗakinsa ya tambaye shi shawara a kan wani abu, ko da farashin wake ne. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.